Yadda Ake Zaɓen Kujerar Falo Mai Haɗe-haɗe Wadda Za A Ji Daɗin Kishingiɗa A Kanta

Yawancin kujerun da ke falukanmu don baƙo aka yi su. Seti ne na mutum bakwai: doguwa mai cin uku, mai cin biyu, da ƙanana guda biyu, an jera su jikin bango, kowacce da hannuwa masu tudu da sassaƙa. Baƙo zai zauna a miƙe, ya sha ruwa, a gaisa, ya tafi. Masu gidan kuwa, da an idar da sallar isha'i an kunna talabijin, sai kowa ya sauko kan kafet ya jawo filo, domin kujerar ba ta karɓar mai son miƙe ƙafa. An kashe kuɗi masu yawa, amma hutun yana ƙasa.

Kujera mai haɗe-haɗe ita ce wadda aka yi ta gida-gida, kowane gida yana tsaye da ƙafafunsa, sai a jona su a samu doguwar kujera, ko mai siffar L, ko mai siffar U, a kuma raba su duk ranar da aka so. Akwai gidan kusurwa, akwai na tsakiya marar hannu, akwai na ƙarshe mai hannu ɗaya, akwai dogo na miƙe ƙafa, sannan akwai dunƙulalle marar baya wanda ake turawa ko'ina. Wani mai ƙera kayan ɗaki a Amurka, Harvey Probber, shi ake yawan dangantawa da fara wannan tsari a shekarun 1940, yau kuma kafintocin Kano da Kaduna da Abuja suna yin ta da kyau idan an san abin da za a ce musu. A ganina ta fi seti dacewa da irin zamanmu, musamman ga mai gidan haya da mai yawan taro. Sai dai an fi yin kuskure wajen sayenta, saboda ido yana kan yadi da launi, alhali daɗin zama yana cikin awo da soso da katako, abubuwan da ba a gani a hoto.

Mataki na 1: Ku duba yadda ake zama a gidanku

Kafin a je kasuwa, a zauna a yi lissafin gaskiya. Mutum nawa ne ke zama a falon kowane dare? Nawa ne daga cikinsu ke son kwanciya, nawa ne ke zama a miƙe? Akwai tsoho ko tsohuwa mai ciwon gwiwa? Akwai yara masu tsalle a kan kujera? Ana cin abinci a falon ko akwai wani wuri daban? Amsoshin nan su ne za su faɗa muku gida nawa za ku saya da kuma wane iri.

Akwai wani abu da kundin hotunan 'yan kasuwa ba zai tuna muku ba, shi ne kunya. Suruki ba zai so zama a kujera ɗaya da surukarsa ba, komai tsawonta. Baƙo namiji ba zai zauna kafaɗa da kafaɗa da matar gida ba. Dattijo idan ya shigo, ana son a ba shi wurinsa shi kaɗai, yara su zauna nesa kaɗan ko su sauka ƙasa. Don haka duk kyan doguwar L, kada ta zama ita kaɗai ce a falon. A cikin lissafinku ku sa aƙalla gida ɗaya da zai iya tsayawa shi kaɗai a wani gefe, mai baya sosai, wanda ba zai zama kamar an gutsuro shi daga wani wuri ba.

Ku kuma tuna da filin ƙasa. A gidaje da yawa a tsakar falo ake shimfiɗa ledar cin abinci, a nan ake shan ruwa da azumi, a nan mata ke yin salla. Ranar suna ko zaman gaisuwa kuma ana tura komai jikin bango a shimfiɗa tabarmi. Kujerar da ta cinye wannan fili ta ɓata tsarin gidan, ko da kuwa ta fi kowacce taushi.

Mataki na 2: Awo, tun daga ƙofar waje

Ku samo tef ɗin awo da takarda. Ku zana falon, ku rubuta tsawon kowane bango. Kafintoci sun fi aiki da inci da ƙafa, masu shagon kayan waje kuma da santimita, saboda haka ku rubuta duka biyun: inci 1 santimita 2.54 ne, ƙafa 1 kuma kusan santimita 30. A kan zanen ku nuna inda ƙofofi suke da ɓangaren da suke buɗewa, inda taga take da tsayinta daga ƙasa, inda soket yake, da inda na'urar sanyaya ɗaki ke huro iska. Bayan kujera idan ya zarce bakin taga zai tare haske ya kuma matse labule. Soket idan ya shige bayan kujera, kullum sai an ja ta kafin a yi cajin waya, jan nan kuma shi ke sassauta ƙafafu.

Ga misali. A ce bangon da za a jingina kujerar ƙafa 12 ne, wato kimanin santimita 365. Gidan kusurwa mai santimita 90, da gidaje uku masu santimita 75 kowanne, da hannu mai kaurin 20, sun tashi 335. Saura 30 kacal, wanda ba zai ɗauki ko ƙaramin teburin gefe sosai ba. Idan kuna son teburin, ko kuna son wurin tsayar da fanka, sai a rage gida ɗaya. Wannan lissafin na minti biyar ne, amma mutane da yawa sai an sauke kaya a ƙofar gida suke yin sa.

A bar hanyar wucewa ta santimita 75 zuwa 90 duk inda mutane ke bi. Tsakanin bakin kujera da teburin tsakiya a bar kimanin 40 zuwa 45, yadda hannu zai kai ga kofi, gwiwa kuma ba za ta bugu ba. Hanya mafi sauƙi ta ganin gaskiyar lamarin ita ce a shimfiɗa tsofaffin jaridu ko kwalaye a ƙasa daidai girman kujerar, a bar su yini guda ana zirga-zirga. Inda aka yi ta takawa, nan kujerar za ta tare hanya.

Sai hanyar shigowa. Ku auna faɗin ƙofar gida, da soro ko zaure idan akwai, da lungun da ake bi, da ƙofar falon kanta, wadda galibi ba ta wuce santimita 90 ba. Mai zama a bene ya auna faɗin matakala da wurin da take juyawa. A nan mai haɗe-haɗe ta fi doguwar kujera nesa ba kusa ba, domin gida-gida ake shiga da ita. Duk da haka gidan kusurwa da dogon gidan miƙe ƙafa su ne manya, awonsu za ku gwada da ƙofar.

Abu na ƙarshe a nan: hagu da dama. Idan L ɗin ta karkata ɓangaren da ba shi ba, tana iya toshe ƙofa. Masu sayarwa galibi suna faɗin hagu ko dama ne bisa ga wanda yake tsaye yana fuskantar kujerar, mai saye kuma yakan yi tunanin kansa a zaune. Kada ku tsaya a kan baki, ku miƙa zane. Mafi kyau ma ku zaɓi tsarin da za a iya juya shi kowane ɓangare, domin gidan da za ku koma gaba ba lallai falonsa ya yi kama da wannan ba.

Mataki na 3: Zurfin mazauni da tsayinsa

Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma nan nake so ku fi daɗewa.

Zurfin mazauni shi ne daga bakin kujera zuwa inda baya ke jingina, tare da filon baya a wurinsa. Kujerar zama a miƙe tana da zurfin santimita 50 zuwa 56, wato inci 20 zuwa 22. Ta kishingiɗa tana farawa daga 60 ta kai 70, wasu ma su wuce. A kan mai zurfi za ku iya naɗe ƙafa, ku tanƙwashe, ku kwanta a gefe ɗaya ba tare da gwiwa ta leƙo waje ba, uwa ta kwanta da jaririnta a gabanta. Amma mai zurfin tana da nata aibin: gajeren mutum idan ya jingina, ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba, idan kuma ya matso gaba, bayansa ba shi da madogara. Maganin wannan shi ne a yi mazaunin da zurfi, sannan a yi filolin baya kashi biyu, manya a baya, ƙanana a gaba. Mai son zama a miƙe ya bar su duka, mai son kwanciya ya cire na gaba. Kujera mai zurfi ana iya rage ta da filo, marar zurfi kuwa ba yadda za a yi a ƙara ta.

Tsayin mazauni daga ƙasa, wanda aka saba, santimita 43 zuwa 46 ne. Yanzu ana yayin masu ƙasa-ƙasa, 35 zuwa 40, kuma gaskiya suna da daɗin hutawa, sun kuma yi kusa da zaman tum-tum da muka sani. Sai dai tashi daga kansu aiki ne ga tsoho, da mai juna biyu, da mai ciwon baya. Idan Hajiya ko Baba na zaune tare da ku, ko suna yawan zuwa, kada ku sauka ƙasa da 43, ko kuwa gidan nan da zai tsaya shi kaɗai a yi shi da tsayi da ɗan tauri da hannu mai ƙarfi na dafawa. Ku kuma lura cewa awon da aka yi babu kowa a kai ba shi ne na gaskiya ba, soso mai laushi yana nutsewa da santimita da dama idan an zauna.

Hannun kujera ga mai kishingiɗa matashin kai ne. A yi shi gajere, mai faɗi, mai soso a sama. Hannun katako mai sassaƙa ko siriri mai tsayi yana sa ciwon wuya. Baya kuma ya ɗan kwanta kaɗan, ya kai aƙalla kafaɗa. Masu gajeren baya suna da kyau a ido kuma ba sa cika ɗaki, amma wanda zai yi awa biyu yana kallon ƙwallo zai nemi inda zai ɗora kansa.

Dogon gidan miƙe ƙafa ya kai santimita 150 zuwa 170. Idan kuna son wani ya iya kwana a kan kujerar, kamar ƙanin maigida da ya zo hutu, to a samu wuri miƙaƙƙe na santimita 185 zuwa 190 ba tare da hannu ya tare ba. Ni dai na fi son dunƙulallen gida marar baya a kan dogon da aka ƙera a haɗe, domin yau a tura shi gaban wannan, gobe gaban wancan, ranar taro ya zama mazaunin mutum guda.

A shago kada ku ji nauyin gwadawa. Ku cire takalmi, ku zauna yadda kuke zama a gida, ku kwanta, ku juya, ku yi minti goma. Ku zauna daidai kan mahaɗar gida biyu ku ji ko akwai katako mai tokare ko rami. Ku zauna a kusurwa, wadda a wasu kujerun ba ta zaunuwa sam. Zaman daƙiƙa biyar a bakin kujera ana murmushi da mai shago ba zai faɗa muku komai ba.

Mataki na 4: Soso

Kujerar da ta lotse bayan 'yan watanni, kusan kullum soso ne ya ci amana. Abin da mutane ke rikitawa shi ne nauyin soso da taurinsa, alhali abu biyu ne daban. Tauri shi ne abin da hannu ke ji idan an danna. Nauyi kuwa, wanda masu sana'ar ke kira dansiti, shi ne yawan kilo a cikin mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, kuma shi ke nuna daɗewa. Ana samun soso mai tauri marar nauyi wanda zai mutu da wuri, ana kuma samun mai laushi mai nauyi wanda zai yi shekaru yana dawowa daidai.

Ga mazauni, ku nemi mai nauyin kilo 30 ko sama da haka, kada dai ya gaza 28. Na baya da na hannu ana iya sa mai sauƙi, domin ba su ke ɗaukar nauyin jiki ba. Kuna iya tabbatarwa da kanku idan aka ba ku soson kafin a rufe shi. Yanki mai santimita 60 a tsawo, 60 a faɗi, 15 a kauri, idan mai 30 ne zai yi kimanin kilo 1.6 a sikeli. Idan mai 18 ne ba zai cika kilo 1 ba. Bambancin ana jin sa ko a hannu.

Sai dai a kula, akwai soson da ake cusa wa garin farar ƙasa lokacin haɗa shi don ya yi nauyi. Irin wannan idan aka murza gefensa yana marmashewa, yana barin gari a yatsa, idan aka ja shi kuma yana yagewa da sauƙi. Na kirki yana miƙewa kafin ya yage, idan aka danna shi da gwiwa aka ɗaga yana dawowa nan take. Shi ya sa ya fi kwanciyar hankali a sayi na kamfanin da aka sani, irin su Vitafoam da Mouka, daga hannun dilansu, da tambarinsu a jiki. Idan kafinta zai yi muku, ku sayo soson da kanku ko ku je tare.

Kauri ma yana da muhimmanci. Mazauni ya samu aƙalla santimita 12 zuwa 15. Tsarin da ya fi daɗin kishingiɗa hawa-hawa ne: mai ɗan tauri a ƙasa, mai laushi na santimita 3 zuwa 5 a sama, sannan a naɗe da faiba, wato audugar roba, don yadin ya kwanta lumui. Matsattsen soson nan da ake yi da gutsattsari, mai launi barkatai, yana da ƙarfi kuma yana iya zama a can ƙasa, amma idan shi ne a sama kujerar za ta yi tauri fiye da kima. Filolin baya kuma da faiba ake cika su, kuma faiba tana kwanciya da lokaci, don haka a sa musu zif yadda za a iya ƙara ta.

Ku dage a kan mazaunin da ake cirewa, wanda ba a ɗinke shi da jikin kujerar ba. Ana juya shi, ana musanya na wurin da aka fi zama da na wurin da ba a cika zama ba, ranar da soson ya gaji kuma a zuge zif a sauya shi kawai ba tare da an kwance kujerar ba.

Mataki na 5: Katako da abin da ke ƙarƙashin soso

Ku sa a kifa gida ɗaya ku ga cikinsa. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ba.

Katako ya zama busasshe. Ɗanyen katako idan hunturu ya zo yana tsukewa, mahaɗai su saki, kujera ta fara ƙara duk lokacin da aka motsa. Madaci da iroko suna da ƙarfi, obeche kuwa yana da laushi, bai kamata ya zama shi ke ɗauke da nauyi ba. Filawud mai kauri ba laifi a gefuna. Abin gudu shi ne allon garin katako da aka matse, wanda ke kumbura ya ruguje idan ruwan mofa ya taɓa shi, kuma ba ya riƙe sukuru idan an kwance an mayar. Wanda ke son ganin bambancin da idonsa ya leƙa 'Yan Katako a Na'ibawa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako a Yamai, ya ɗaga busasshe ya ɗaga ɗanye.

A kusurwoyi ku nemi ƙananan katakai da aka tokare da su, an sa gam an ɗaure da sukuru. Ƙusa zalla tana sassautawa. Ga gwaji mai sauƙi: ku ɗaga ƙafar gaba ɗaya sama da kamar taƙi guda. Idan ɗayar ƙafar ta gaba ta biyo ta, ginin yana da ƙarfi. Idan ta tsaya a ƙasa kujerar ta murɗe, ku wuce. Ku tambaya ko an shafa maganin gara, ku kuma duba ko akwai ƙananan huji da gari mai laushi yana zubowa, alamar ƙwaro na cin katakon daga ciki ke nan.

Ƙarƙashin soso ana sa sifirin mai lanƙwasa-lanƙwasa, ko bel mai talewa da aka saƙa, wasu kafintocin kuma suna yanka robar taya. Sifirin ya fi daɗewa idan an jera shi kusa da kusa. Bel yana da daɗi idan mai faɗi ne an ja shi sosai. Katako zalla a ƙasa ba ya lotsawa, amma duk aikin yana komawa kan soso, sai ya mutu da wuri.

Mataki na 6: Mahaɗi da ƙafafu

Wannan shi ne abin da ya raba kujera mai haɗe-haɗe ta gaskiya da gidajen da aka jera kawai. A kan tayil, gidajen da ba a maƙale ba suna zamewa, sai mai kwance ya ji rami na buɗewa a ƙarƙashinsa, rimot da waya su faɗa ciki. Ana sa maƙalli na ƙarfe a ƙasa, mai haƙora, wanda ke cafke wani ɗan ƙarfe a jikin gidan da ke kusa, ko kuma ƙugiya da ake zurawa daga sama. Ku haɗa ku raba da hannunku a shagon. Idan sai an kira kafinta da sifana kafin a raba, amfanin ya tafi. Ku duba kuma ko maƙallan suna kowane gefe a tsayi ɗaya, yadda kowane gida zai iya haɗuwa da kowanne.

Kowane gida ya zama an rufe shi da yadi ta ko'ina, har gefen da ke ɓuya idan an jona. Wasu don rage kuɗi suna sa baƙin ƙyalle a nan, ranar da kuka raba sai abin ya fito fili.

Ƙafafu su ɗaga kujerar santimita 10 zuwa 15 yadda tsintsiya da mofa za su shiga, a kuma liƙa musu roba a ƙasa. Wadda ta kwanta a ƙasa ɗungurungum tana tara ƙura, kuma maɓoya ce ga ɓera da kyankyaso.

Mataki na 7: Yadi

Sai yanzu aka zo kan abin da ido ke so. Yanayinmu yana da zafin bazara da ke wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, da ƙurar hunturu mai shiga ko'ina, yadin ya zama mai jure duka biyun.

Ledar kujera tana da sauƙin gogewa, amma tana kama jiki da gumi, ga mai son kwanciya rabin tsirara da rana kuwa azaba ce, sannan mai araha tana tsagewa ta riƙa ɓarewa. Karan-miski yana da kyau da laushi, yana kuma riƙe ƙura, sai da goga ko injin zuƙa a kai a kai. Mai ƙudundunen zare irin na gashin tunkiya da ake yayi yanzu, farce da ɗan kunne da zoben yara suna jan zarensa. Abin da na fi ba da shawara ga gida mai yara shi ne yadi mai matsattsiyar saƙa, mai ɗan gauraye launi, wanda ba fari fat ba kuma ba baƙi wuluk ba. Fari yana nuna manja da zoɓo da lalle, baƙi da shuɗi mai duhu kuma suna nuna ƙura tun kafin azahar.

Ku karɓi ƙyallen gwaji ku je da shi gida. Ku ɗaga shi ga haske, idan ana hango rana sosai ta cikinsa saƙar ba ta da ƙarfi. Ku goga shi da farin ƙyalle mai laima ku ga ko yana zuba, domin wanda ke zuba zai ɓata farar shadda ranar Juma'a. Ku ɗiga masa ruwa ku ga ko yana tsayawa a sama ko yana shigewa nan da nan. Idan a jikin samfurin an rubuta lambar Martindale, wadda ke nuna yawan gugar da yadi ke jurewa, ku nemi 25,000 zuwa sama ga kujerar da ake hawa kullum.

Riga mai zif da ake cirewa a wanke ta cancanci ƙarin kuɗinta. Ku kuma sayi rarar yadi 'yan yadudduka ku adana. Nan da shekara biyu idan kuna son ƙara gida ɗaya, ko wani wuri ya ƙone, da wuya a samu irinsa daidai a kasuwa, ko an samu ma rinin yakan bambanta.

Tunda an ambaci ƙuna: soson kujera yana kamawa da wuta da sauri, hayaƙinsa kuma guba ne. Kaskon turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da dutsen guga, kada a ajiye su a kan kujera ko a ƙarƙashinta, ko da na ɗan lokaci ne.

Mataki na 8: Ciniki

Hanya uku ce: shagon kayan waje, shagon da ke ƙera nasa, ko kafinta da za a ba aiki. Na waje sau da yawa sun fi kyan gamawa, amma awonsu a yanke yake, kuma samun ƙarin gida daga baya sai an yi sa'a. Kafinta zai yi daidai falonku, sai dai ingancin yana hannun sa idonku. Wuraren da masu sana'ar suka taru, kamar Kugbo a Abuja ko Panteka a Kaduna, suna ba da damar kwatanta aiki da farashi a yini ɗaya. Kafin ku ba kowa aiki, ku nemi ganin kujerar da ya yi wadda ta shekara ana zama a kanta. Sabuwa kowa tasa tana da kyau.

A rubuta komai a takarda, kowa ya riƙe kwafi: yawan gidaje, awon kowanne, zurfi da tsayin mazauni, irin katako, kamfanin soso da nauyinsa da kaurinsa, ƙyallen yadin a manne, ranar kawowa, da wanda zai biya mota da 'yan dako. Kuɗin kafin alƙalami su tsaya a kan abin da zai sayi kayan aiki, cikon sai kaya sun iso. Ku ce za ku zo ku ga ginin katakon da soson kafin a rufe da yadi, kuma ku je ɗin.

Idan kuɗi bai kai ba, a rage yawan gidaje, kada a rage ingancin soso da katako. Kusurwa da gida biyu da dunƙulalle ɗaya sun isa farawa, sauran a ƙara daga baya. Iyayen da ke haɗa wa amarya kayan ɗaki su ma wannan ya fi musu: a auna falon da za ta zauna kafin a ba da aiki, domin sau da yawa sai ranar jere ake gane seti ya fi ɗakin girma. Mai sayen ta hannu kuma ya haska tocila a cikin ɗinki da lunguna, baƙaƙen ɗigo-ɗigo alamar kuɗin cizo ne, shigarsa gida kuwa ta fi fitarsa sauƙi.

Mataki na 9: Ranar da aka kawo

Kada mota ta tafi sai kun haɗa gidajen duka, kun raba, kun sake jera su a wani tsari na biyu. Ku auna da tef ku gwada da takardarku. Ku duba ko saman mazaunan ya daidaita babu mai tudu, ko zif duka suna aiki, ko launin gidajen ɗaya ne a hasken rana. A jingina ta da ɗan rata daga bango saboda laimar damina, a kuma kare ta daga ranar da ke faɗowa ta taga kai tsaye, wadda ke kashe launi. Sabon soso yana da ɗan wari da tauri, a buɗe tagogi kwana biyu zuwa uku. Daga nan sai a riƙa juya mazaunai ana musanya musu wuri duk wata, a kuma ƙara ɗaure sukurun ƙafafu bayan hunturun farko ya wuce.